Abincin Mai Ciwon Tsoka Kafin a Gano Sunan Cutar

Titin Ƙofar Ruwa a birnin Kano wuri ne da ake ganin ƙarfin tsoka da rauninta a lokaci guda. A gefe ɗaya ga 'yan dako suna sungumar rodi da buhunan siminti a kasuwa, a ɗaya gefen kuma ga masu neman magani suna nufar Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a shekarar 1959. Ba dukkansu ne suka zo da karaya ba. Akwai wanda ba ya iya tashi daga tabarma sai ya dafa gwiwoyinsa, akwai wadda ɗaga hannu don ɗaura ɗankwali ya gagare ta, amma hoton ƙashi bai nuna kome ba. Gano ainihin irin wannan cuta yakan ɗauki watanni ko shekaru, domin sai an bi ta gwajin jini na CK, da auna aikin tsoka da na'urar lantarki, wani lokaci har a yanki ɗan ƙaramin nama a duba. A tsawon wannan jira, majinyaci zai ci abinci kowace rana, kuma kowane maƙwabci yana da shawarar da zai ba shi.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ciwon tsoka ba cuta ɗaya ba ce. Mutane sukan haɗa kome su kira shi shan-inna, alhali shan-inna jijiya take kamawa, kuma tun shekarar 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayarta ta asali daga nahiyar Afirka. Cututtukan tsoka iri-iri ne, har ma abincin da zai amfani mai wannan ya kwantar da mai waccan.

Dalili kuwa shi ne, tsoka da makamashi biyu take aiki. Idan aiki na gaggawa ne, kamar ɗaga buhu, tana ƙona sukarin da ta adana a cikinta, wato gilaikojin. Idan kuwa aiki ya yi tsawo, ko mutum ya daɗe bai ci abinci ba, sai ta koma kan kitse. A shekarar 1951 wani likita a Landan mai suna Brian McArdle ya bayyana wata cuta wadda tsokar mai ita ba ta iya warware sukarin da ta adana. Irin wannan mutum da ya soma aikin ƙarfi sai ƙafafunsa su ɗaure cikin 'yan mintoci, kuma shan abu mai zaƙi dab da soma aiki yakan sauƙaƙa masa. Akwai kuma akasin haka, wato waɗanda tsokarsu ba ta iya ƙona kitse sosai. Su yunwa mai tsawo da zazzaɓi da doguwar wahala ne ke jefa su cikin haɗari.

Wadda ta fi ban mamaki ita ce shanyewar jiki mai zuwa ta tafi. Saurayi ya wuni yana aiki, da dare ya cika ciki da tuwo ko shinkafa, ya bi da lemon kwalba, da asuba ya farka ya kasa motsa ƙafa, bayan sa'o'i kuma ya miƙe garau. Ba abin mamaki ba ne a ce iska ce ta taɓa shi. Abin da ya faru shi ne, sitaci mai yawa ya sa jiki ya fitar da insulin, shi kuma ya kora sinadarin fotasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin tsoka. Sai dai cutar tana da 'yar'uwa wadda yawan fotasiyam ne ke tayar da ita. Ayaba da dabino da dankali, waɗanda suke da wannan sinadari, taimako ne ga na farko, ga na biyu kuwa suna iya zama fitina. Gwajin jini a daidai lokacin da abin ya taso shi ke raba gardama. A nan ya kamata a yi gargaɗi game da kanwa. Da Turanci ana ce mata "fotash", wannan ya sa wasu ke zaton fotasiyam ce, alhali yawancinta sodiyam ne, ɗan'uwan gishiri, kuma yawan shanta nauyi yake ƙara wa zuciya.

Saboda haka kafin a san sunan cuta, hikima ba ta cikin ƙaurace wa wani abinci. Tana cikin ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A rubuta abin da aka ci da lokacin, da aikin da aka yi, da sa'ar da rauni ya zo, da launin fitsari. Rubutun wata guda yakan nuna wa likita abin da mintoci goma na ɗakin duba marasa lafiya ba za su nuna ba.

Akwai dai abubuwan da kusan kowa zai amfana da su. Baligi yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato wajen giram 48 ga mai kilo 60. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, sauran kuwa ana samu daga wake da ƙosai da alala da awara da ƙuli-ƙuli da kindirmo, ba lalle sai tsire ba. Wuce haka da nisa ba ya gyara tsokar da cutar gado ta kama. Haka kuma a kula da ƙiba, domin kowane kilo da ya ƙaru kaya ne a kan ƙafar da ta riga ta gaji.

Ƙarancin bitamin D yana kawo raunin cinya da ƙugu, kuma yana daga cikin 'yan kaɗan da ke warkewa sarai. Ana iya samunsa ga wanda ya daɗe bai fita rana ba, ko da a Kano ne. Binciken da aka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa lanƙwashewar ƙafar yara a can ta fi alaƙa da ƙarancin kalsiyam a abinci. Nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna da shi.

Ƙwayoyin sa ƙiba da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, musamman dangin dekzametazon, su kansu suna narkar da tsokar cinya idan aka daɗe ana sha. Wanda ya riga ya saba da su kada ya yanke su rana ɗaya, ya kai kwalin wurin likita.

Idan tauna ko haɗiya ta soma wuya, a sassauta tuwo, a yawaita miya, a zauna a miƙe lokacin ci. Wanda ƙarfinsa ke raguwa da yamma ya mayar da babban cinsa safe. Batun azumi kuwa, wanda ya taɓa ganin fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi bayan yunwa ko aikin ƙarfi, ya sani wannan alama ce ta cewa tsoka na fashewa, kuma abin da take zubarwa cikin jini yana iya toshe ƙoda. Ya sha ruwa sosai, ya je asibiti a ranar, kuma kafin watan Ramadan ya tuntuɓi likita da malaminsa, tunda shari'a ta yi wa majinyaci rangwame.