Miƙar Jiki da Numfashi a Ƙaramar Sakandare: Yaya Za a Ba da Maki?

Yoga dai asalinta ƙasar Indiya ne, kuma tana da ɓangaren bauta wanda iyaye a Wurno ko Rabah ba za su lamunta ba. Abin da malamin motsa jiki yake bukata daga cikinta shi ne miƙe gaɓoɓi sannu a hankali da sarrafa numfashi. Tabarma da inuwar dogonyaro sun wadatar, in dai da safe ne, domin zafin Afrilu yakan haura digiri 40.

A cikin tsoka akwai ƙananan jijiyoyi masu jin ja. Idan aka fizge ta, sai su aika saƙo ga laka, tsokar ta tsuke don kare kanta. Shi ya sa ake riƙe kowace miƙa daƙiƙa 20 zuwa 30, ba tare da jijjiga ba.

Wahalar tana wajen maki. Gwajin da Wells da Dillon suka wallafa a 1952 mai sauƙi ne: ɗalibi ya zauna, ƙafafu a miƙe, ya tura yatsun hannu bisa rula. Sai dai a shekarun balaga ƙafa takan riga gangar jiki tsawo, don haka dogon yaro a Goronyo zai iya kasa taɓa yatsun ƙafarsa alhali ya fi gajeren abokinsa ƙwazo. Jera su bisa santimita zalunci ne. Kamata ya yi a rubuta awon kowane ɗalibi a farkon zango, a sake aunawa a ƙarshensa, makinsa ya fito daga tazarar da ya ƙara.