Yadda Ake Sake Haɗa Injin Tsohuwar Land Rover da Zaunar da Karanshaf

Injin fetur mai silinda huɗu, mai girman cc 2286, shi ne ke cikin yawancin tsofaffin Land Rover da suka rage a ƙasar Hausa. Ya fito a 1958 tare da Series II, ya ci gaba a Series IIA da Series III, kuma kamfanin Leyland ya taɓa haɗa waɗannan motoci a Ibadan. Inji ne mai haƙuri, ba shi da gudu amma yana da ja, kuma ana iya sake haɗa shi da kayan aikin hannu a kowane gareji, a Minanata cikin birnin Sakkwato ko a wani wuri. Sai dai tsawon ransa bayan gyara ya rataya ne a kan abu guda, wato yadda aka zaunar da karanshaf, sandar da ke juya bugun fistin zuwa tafiyar mota.

Kafin a sayi komai, a fara tantance irin injin. Na farko suna da mazaunin karanshaf uku, daga 1980 kuma aka mai da su biyar. Mai biyar yana da ƙarin jijiyoyin ƙarfe a gefen bulok, kuma da zarar an cire kaskon mai na ƙasa ana iya ƙirga murafen mazaunan da ido. Metal ɗinsu da oyil sil ɗinsu na baya da ƙarfin ɗaurinsu duk sun bambanta. Wanda ya aika Kano a sayo masa kaya a Kofar Ruwa bai faɗi wannan ba, yana iya biyan kuɗin mota sau biyu.

Bayan an sauke injin an zubar da baƙin mai, sai a warware shi daga sama zuwa ƙasa: tof silinda, fulawil, murfin gaba da sarƙar tayimin, kaskon mai, famfon mai, sannan fistin da kwanrod. Kowane murfin mazaunin karanshaf a buga masa alama kafin a ɗaga shi, lambarsa da kuma ɓangaren da ke fuskantar gaba. An huda kowane murfi ne yana ɗaure a gurbinsa tun daga masana'anta, don haka ba ya zama daidai a gurbin ɗan'uwansa, ko da ido bai ga bambanci ba. A jera su a kan katako bi da bi, kada su taɓa ƙasa.

Tsohon metal yana ba da labarin abin da ya kashe injin, kuma yana da kyau a karanta shi kafin a jefar. Idan fuskarsa ta yi zane-zane kamar an ja ƙaya a kai, yashi ne ya shiga mai. Idan ta cinye har jan ƙarfe ya bayyana, tsufa ne ko ƙarancin mai. Idan ta yi baƙi ta narke, injin ya buga ke nan, kuma dole a duba ko kwanrod ɗin da ke wurin ya lanƙwashe.

Daga nan sai awon karanshaf da maikuromita. Wuyan da ke zama a bulok inci 2.5 ne idan sabo ne, wato milimita 63.5. Ana auna kowane wuya a wurare biyu a tsawonsa, kuma a gicciye, domin karanshaf ba ya cinyewa a zagaye, yakan koma siffar ƙwai. Idan ya zame daga da'ira ko farce yana kama zane a kansa, sai a kai wa masu injin gogewa su rage shi. Ragin mataki-mataki ne: 0.010, 0.020, 0.030, har 0.040 na inci, kuma abin da aka rage shi ke nuna lambar metal da za a saya. A karɓi lambar a rubuce, a sake aunawa a gareji kafin a buɗe kwalin metal, domin mai shago ba ya karɓar wanda aka riga aka ɗaura. A lokaci guda ake auna ramukan silinda, waɗanda asalinsu milimita 90.47 ne, a yanke shawara ko sabon ringi ya isa ko sai an faɗaɗa su an sa manyan fistin.

Wanki shi ne matakin da aka fi rainawa, galibi yaran gareji ake bar wa, alhali shi ne rabin aikin. Karanshaf da ya dawo daga gogewa yana ɗauke da garin ƙarfe da na dutsen guga a cikin ƙananan ramukan da mai ke bi. Sai an zura siririn buroshi a kowane rami da kananzir, an hura iska, an maimaita har farin ƙyalle ya fito fari. Haka ma hanyoyin mai na cikin bulok. A Sakkwato wannan ya fi nauyi, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ba ya barin komai, kuma ƙarfen da aka shafa wa mai aka bari a fili na awa ɗaya zai tashi da ƙura kamar an barbaɗa masa gari. Tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal ba ta kai kaurin gashin kai ba, ƙwayar yashi guda ta ishe ta. Saboda haka a haɗa inji a cikin ɗaki ko rumfa mai kariya, a kan benci, a rufe shi da leda duk lokacin da aka tashi salla ko cin abinci.

Yanzu a kife bulok, ƙasansa na kallon sama. A goge gurabun a bushe, a danna rabin metal a kowanne, ɗan harshensa ya faɗa cikin tsagar da aka yi masa, ramin mai ya dace da na bulok. Bayan metal ba a shafa masa komai. A ɗora karanshaf a hankali, mutum biyu, ɗaya a kowane kai. Kafin a sa mai, a gwada tazara da zaren awo na Plastigauge: a yanki guntu a kwantar a kan wuyan, a ɗaura murfi da cikakken ƙarfi, a kwance ba tare da an juya karanshaf ba, sannan a gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Abin da ake nema tsakanin milimita 0.02 ne da 0.07. Idan ta wuce, mai zai riƙa tserewa, fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa da zarar inji ya yi zafi. Akwai masu goge fuskar murfi da zarto ko su cusa takarda a bayan metal don cike giɓi. Wannan ɓarna ce, tana kashe bulok ɗin da ba a ƙera irinsa kuma, kuma bai kamata mai mota ya yarda da ita ba ko da kyauta ce.

Idan awo ya yi, a ɗaga karanshaf, a share ragowar zaren, a jiƙa fuskar metal da sabon baƙin mai. A mazaunin tsakiya ake sa washa biyu masu siffar rabin wata, waɗanda ke hana karanshaf kai-komo idan an taka kuloci. Fuskarsu mai tsagi ita ke kallon karanshaf. Idan aka juya su, cikin ɗan lokaci za su ci gefensa. A tura karanshaf gaba da baya da ƙaramin ƙarfe a auna wasansa da filagej, ya kasance tsakanin milimita 0.05 da 0.15. Akwai washa masu kauri idan ya yi yawa.

Murfin baya shi ne mai ba da wahala, kuma daga nan yawancin ɗigon mai ke fitowa. A gefensa biyu akwai sil masu siffar harafin T. A ɗan feƙe bakinsu, a shafa musu mai, a kare su da siraran ƙarafan filagej yayin da ake saukar da murfin don kada kaifin bulok ya yage su. Bayan sun zauna a yanke rarar, a bar ƙasa da milimita ɗaya a waje domin kaskon mai ya matse. A injin mai mazauni uku, oyil sil na baya tsagagge ne: ana fara zagaya siririn sifirin a wuyan karanshaf a maƙala shi, sannan a buɗa sil ɗin kaɗan a sa, a cusa sifirin a cikinsa, a juya tsagar ta kalli sama idan inji ya miƙe a mota.

Ɗauri da sifanar awo ake yi, daga murfin tsakiya zuwa na gefe, a mataki biyu ko uku. Mai mazauni uku fam 85 yake so, kusan Nm 115. Mai biyar fam 100. Bayan kowane murfi a juya karanshaf da hannu. Ya kamata ya zagaya sumul ba tare da wurin da yake cijewa ba. Idan ya yi tauri bayan wani murfi, laifin yana nan, a kwance a duba, kada a ce zai saki idan ya yi zafi.

Sauran haɗin ya fi sauri. A gwada kowane ringi a raminsa, bakinsa ya bar milimita 0.4 zuwa 0.5, a rarraba bakunan kada su yi layi ɗaya. Ɗan ramin fesa mai da ke jikin kwanrod ya kalli ɓangaren kamshaf, a sa sababbin notuna, a ɗaure da fam 25 kamar yadda littafin Series III ya tanada wa mai mazauni uku. A daidaita tayimin da alamominsa, a duba giyoyin famfon mai da rariyarsa, a ɗaure tof silinda da fam 65 daga tsakiya zuwa waje, a saita bawul a milimita 0.25. Wayoyin fulogi suna bin 1-3-4-2.

Ba a tayar da sabon haɗi kai tsaye. A zuba mai mai kauri irin 20W-50, wanda ke jure zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, a cire fulogai, a yi ta juya injin da kik har fitilar mai ta mutu. Sannan a mayar da su a tayar, ana sauraron ƙasan injin, ana duba bayan kaskon mai da ruwan lagireto. A kilomita 800 na farko kada a ɗora wa motar kaya mai nauyi ko a shiga da ita yashi mai zurfi. Idan sun cika, a sake ɗaure tof silinda, a sake saita bawul, a zubar da man tun yana da ɗumi, a canza shi tare da matatarsa.