Gyaran Tsarin Darasi da Rubutun Waiwaye ga Ɗaliban NCE

Ɗalibin kwalejin ilimi da ke neman takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar malanta da Najeriya ta amince a shiga aji da ita, ba ya kammala aikin koyarwa na gwaji sai an duba tsarin darasinsa, wato rubutaccen shirin abin da zai koyar da matakan da zai bi. Manufar darasi ce ta fi buƙatar gyara, domin da yawa kan rubuta cewa yara za su fahimci rabawa, alhali ba a ganin fahimta da ido. Abin da ya dace shi ne a rubuta cewa kowane yaro zai raba ƙwallayen dabino 12 tsakanin mutum 3 ya faɗi rabon kowa, sannan a tabbatar cewa tambayoyin ƙarshen darasi wannan aikin suke aunawa. A kuma rage matakai idan sun fi ƙarfin lokacin darasin.

Waiwaye kuwa, wato bayanin da malami ke rubutawa bayan ya fito daga aji, ba ya amfani idan ya tsaya a kan cewa darasi ya tafi lafiya. Ya kamata a rubuta shi a ranar, a ambaci tambayar da ta sa aji ya yi tsit ko yaran bencin baya da ba su hangi allo ba, kuma tsarin darasi na gaba ya nuna abin da aka sauya saboda haka. Tsohon kwafin tsarin darasin da malami mai dubawa ya bi da jan biro a ajiye shi tare da sabon, domin a iya kwatanta su.