Darasi: Yadda Za Mu Ɗaura Kaya a Babur Domin Rangadi

Yawancinmu masu aikin ƙauyuka a ƙasar Yauri da babur muke yin rangadi. Malamin gona ya tashi daga Yelwa ya nufi Shanga, malamin asibiti ya gangara Ngaski da Wara, wani lokaci sai an kwana uku ko huɗu kafin a komo gida. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968 aka ta da ƙauyuka da yawa, aka sake musu mazauni a bakin tafki. Hanyoyin da ke shiga wuraren nan yashi ne da kwazazzabai, da damina kuwa laka. A irin wannan hanya, kayan da ba a ɗaura daidai ba sun isa su ka da gwanin tuƙi.

Mun ga haka da idonmu. Wani abokin aikinmu ya ɗora buhun irin shinkafa a can ƙarshen kariya, ya aza jarkar fetur a kansa, ya naɗe da roba. Da ya shiga yashi sai ƙafar gaba ta yi sama, kan babur ya ƙi binsa. Ya faɗi ya karya ƙashin kafaɗa, fetur kuma ya jiƙa irin. Manoman da ke jiransa sai da suka nemi iri a kasuwa bayan lokacin shuka ya kusa wucewa.

Mu dubi mai jaki, gama ya riga mu sanin wannan aiki. Yakan sa akumari tukuna, sa'an nan ya rataya mangala, rabi a dama, rabi a hagu, nauyin yana ƙasa kusa da cikin jakin. In gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, ba ya tashi sai ya daidaita. Babur ma haka yake so. Irin Bajaj ɗin da ya cika garuruwanmu nauyinsa kilo 100 ne da 'yan kai. Buhun taki kilo 50 ne. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Ashe wanda ya ɗora taki buhu biyu ya kusa aza wa babur nauyin wani babur. In wannan nauyi ya zauna a bayan ƙafar baya, ƙafar gaba ba ta kama ƙasa sosai, birkinta ya rage ƙarfi, fitila kuma ta riƙa haska rassan itatuwa maimakon hanya.

Saboda haka sai mu ɗinka wa babur tasa mangalar. Buhu biyu masu ƙarfi, ko tsohon tamfol, a haɗa bakinsu a rataya a kan mazaunin baya. Kaya masu nauyi su shiga nan: sifana, famfo, ruwan sha, tsabar abinci. A ɗaga kowane gefe da hannu a ji ko sun yi daidai. Abin da ya rage mai nauyi a matso da shi har ya taɓa bayan mai tuƙi. Kariya kuwa a bar wa tabarma, gidan sauro da tufafi. Amma a lura da salansa. Zafinta yakan narkar da buhun leda tun ba a yi nisa ba, don haka a ɗaure ɗan katako a tsakani, a kuma tabbata buhun ba zai shiga ƙafa ko sarƙa ba.

Wasu suna son akwatin ƙarfe domin yana da kwaɗo. Mu dai ba mu cika sonsa ba. Yana da nauyi tun yana wofi, yana karya kariya a hanyar gargada, in an faɗi kuma yana iya danne ƙafar mutum. Jakar tamfol da aka sa wa babbar leda a ciki ta fi. Magani da takardu a sa su tsakiyar tufafi, nesa da rana da zafin inji. Fetur da kananzir kada su haɗa jaka da iri, ko gari, ko bandar kifin da za a kai wa iyali tsaraba.

Yanzu batun ɗauri. Robar tsohon tayar ciki tana da amfani, ba mu ƙi ta ba, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Tana miƙewa a duk ramin da aka faɗa, rana tana cinta, ranar da za ta tsinke kuwa ba ta sallama, har takan fyaɗi ido. Igiya ce za ta riƙe kaya, roba ta biyo baya ta hana su motsi. A ɗaura igiyar a jikin ƙarfen babur, ba a fitilar baya ko lamba ba. A ja ta daga dama zuwa hagu, a sake ja daga gaba zuwa baya. A yi ƙullin a gefen da za a iya kwancewa ba sai da wuƙa ba. Saurar igiya a cusa ta, kada a bar ko taƙi ɗaya yana lilo. Sa'an nan a kama kayan a girgiza. In kaya sun motsa babur bai motsa ba, sai a kwance a sake. A ƙara wa tayar baya iska kaɗan. Bayan mil biyu ko uku a tsaya a ƙara ja, gama kaya sukan zauna igiya ta saki.

Masu ƙetarewa daga Zamare zuwa Rofiya, ko masu shiga tsibirai, su kwance kaya kafin a ɗaga babur cikin jirgi, su rufe makunnin mai. Kada mutum ya zauna a jirgi da jaka mai nauyi ɗaure a bayansa. In jirgi ya cika, mu jira na baya ko da za mu kwana a bakin ruwa. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, yana ɗauke da mutum fiye da 150, mutane da yawa suka rasu.

A taronmu na gaba kowa ya zo da baburinsa, da igiya yadi shida, da buhu biyu. Za mu cika su da yashi, kowa ya ɗaura, sa'an nan ɗan'uwansa ya girgiza.