Yadda Ake Tattara Takardun Kama Aiki

Duk ɗan Daudawa da Allah Ya nufa da samun aikin albashi, ko koyarwa a firamare, ko aikin asibiti, ko na ma'aikatar gona, ya kamata ya sani cewa takardar ɗauka da aka miƙa masa mafarin al'amari ce, domin albashi ba ya sauka sai fayil ya cika, fayil kuwa ba ya cika sai da haƙuri da tsari.

Da farko, ya shimfiɗa takardunsa duka a kan tabarma, ya bi sunansa da ranar haihuwarsa harafi bayan harafi, domin idan takardar jarrabawa ta ce Muhammadu, katin ɗan ƙasa ya ce Mohammed, banki kuma ya ƙara Daudawa a ƙarshe, to wannan ɗan saɓani yana iya riƙe albashi watanni, har ya sake tasowa ranar neman fansho. Maganinsa shi ne rantsuwa a kotu, sa'an nan a nemi gyara a ofishin NIMC, wato hukumar katin ɗan ƙasa, da banki.

Na biyu, ya nemi takardar shaidar asali, wadda ake farowa daga mai unguwa, a wuce ga dagaci da hakimi, kafin a buga mata hatimi a sakatariyar ƙaramar hukumar Faskari. Mutanen Ƙanƙara da Sabuwa kowa ya nufi tasa sakatariyar.

Na uku, ya haɗa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko rantsuwar shekaru ga wanda ba a yi wa rajista yana jariri ba, da shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, kamar babban asibitin Funtuwa, da takardar gama bautar ƙasa ga wanda ta wajaba a kansa.

Na huɗu, ya rubuta lambar NIN da ta BVN, kowace alƙaluma 11, da lambar asusunsa. Wanda aikinsa na tarayya ne ko na babban kamfani ya buɗe asusun fansho, inda dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, ubangidansa kashi 10.

Na biyar, ya rubuta wasiƙar amincewa, ya kama aiki cikin wa'adi, ya tabbata an rubuta ranar, saboda daga ita ake lissafin albashi da ƙarin girma. Takardun asali a nuna su kawai, kwafi ake bari, kuma akawu ya sa hannu da hatimi a kan kwafin da zai koma gida. Kada ya ba kowa goro don a gaggauta, rashawa haramun ce ga mai bayarwa da mai karɓa.

Ayar bashi da ke cikin Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta yarjejeniya da kafa shaidu, don haka wanda ya adana takardunsa ya kiyaye haƙƙinsa da na iyalinsa.