Wayar Ɗanki da Masu Neman Taimako

Darasinmu na wannan fitowa a kan wayar da ke hannun 'ya'yanmu ne, da yadda ƙungiyoyin agaji suke bi ta cikinta su kai ga matasa. Ke uwa, ya kamata ki san yadda abin yake tafiya, domin wata rana ɗanki ko 'yarki za su zo miki da maganar, ko ma su aikata ba su gaya miki ba.

A da, mai neman gudunmawa sai ya rubuta takarda ko ya bi ofis-ofis wurin masu hali, ba ya ko kallon matashi. Waya ce ta sauya wannan. A watan Janairu na 2010, lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa ƙasar Haiti, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta ce duk wanda ya tura kalmar HAITI ta saƙon tes zuwa wata gajeriyar lamba, ya ba da dala 10 ke nan, za a ɗora masa a kuɗin wayar da yake biya a ƙarshen wata. Ta wannan hanya kaɗai aka tara fiye da dala miliyan 30. A 2011 kuma, da fari ya tsananta a arewacin Kenya, mutanen ƙasar suka tara ɗaruruwan miliyoyin shilin ta M-Pesa da wasu hanyoyi, har mai shilin 10 ya sa nasa. Kin ga dabarar? An ƙanƙanta abin da ake nema, an kuma sauƙaƙa hanyar, yadda yaro zai bayar tun tausayin bai huce ba.

Ba kuɗi kaɗai suke nema ba fa. Matashi ba shi da aljihu, amma yana da lokaci da ido da baki. Hukumar UNICEF ta fara shirin U-Report a Uganda a 2011, ya iso Nijeriya a 2014: ana tura wa matasa tambaya a kan lafiya ko makaranta ko ruwan sha, su amsa kyauta, a haɗa amsoshin a kai gaban hukuma. Wanda ya fi burge ni shi ne wata manhaja mai suna Be My Eyes da aka fito da ita a Denmark a 2015. Makaho zai kira, wayar wani ɗan sa kai ta yi ƙara, makahon ya nuna masa kwalin magani ta kyamara, shi kuma ya karanta masa ranar da maganin zai lalace. Ɗan sa kai yana ganin abin da aka nuna masa, amma shi ba a ganinsa, muryarsa kawai ake ji. Minti biyu an gama. Yaron da ya saba da irin wannan, ai ba zai ga dattijuwa da kaya a kai ya wuce ba.

To amma sauƙin nan shi ne kuma ƙofar 'yan damfara. Hoton jinjiri a gadon asibiti, da lambar asusu a ƙasa, da “taimaka kafin gobe”, wallahi kowa zai iya haɗawa. Ki koya wa yaranki su duba sunan da ya fito kafin su tura: na ƙungiya ne ko na wani mutum? A Nijeriya ƙungiya mai rajista sunanta yana shafin hukumar CAC, ana iya dubawa ta waya. Kuma babu ƙungiyar kirki da za ta nemi lambar sirrin katinki, ko BVN, ko lambar nan da banki ke turowa ta tes. Wanda ya nema, a kashe wayar. Idan an kira su aikin sa kai a waje, ki san wurin, ki san mai jagora, balle ma in 'ya mace ce.

Ko babban suna ma ba ya hana tambaya. A 2015 wasu 'yan jarida a Amurka sun binciki kusan dala miliyan 500 da Red Cross ta tara don Haiti, suka ce gidajen dindindin shida kawai ta gina. Ƙungiyar ta kare kanta, ta ce ta kashe kuɗin a matsugunan wucin gadi da gyaran gidaje da sauran ayyuka. Ko ma yaya ne, wanda ya bayar yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗinsa suka shiga, kuma ƙungiyar da ke nuna lissafinta ita ta fi cancanta.

Abu biyu suka rage a cikin gida. Yaro ba ya yin kyauta da kuɗin da ba nasa ba, don haka in wayarki ce ke hannunsa, sai da izininki. Sannan ki bambance masa sadaka da zakka: sadaka ƙofarta a buɗe take, amma zakka tana da mutanenta kashi takwas, ba kowane kira da ya shigo waya ake tura ta ba. In zakka ce, a tambayi malami tukuna.