Tun Ranar Hatsarin Hanyar Wudil Ban Sake Shiga Mota Ba

  Anti, don Allah a sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a Gaya, shekaruna 29, 'ya'yana biyu, iyayena kuma suna Ajingi. Bara da damina, wata ranar Juma'a, muka je kasuwar Wudil ni da ƙanwata sayen kayan ɗakinta, saura wata biyu bikinta. A hanyar dawowa taya ta fashe, mota ta yi ta juyawa da mu har cikin gona. Ni karaya kawai na samu a hannu. Ita kuwa a kan cinyata ta cika, tana riƙe da gefen hijabina, kwanukan da muka sayo sun watse cikin gero.

Hannu ya warke tuntuni, amma ni har yau ban dawo daidai ba, ga shi wata 14 ke nan. Murfin tukunya in ya faɗi a tsakar gida, sai in tsinci kaina a gonar nan, ina jin warin fetur da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban sake shiga mota ba. Ajingi ma sau biyu kawai na je, a kan babur, idona a rufe. Barci sai na sha ƙwayar da nake karɓa a kemis. A aji, yara suna yin hayaniya sai in daka musu tsawa, daga baya in ji kunya.

An yi min ruƙiyya sau uku, na sha rubutu, an yi hayaƙi. Uwar mijina ta ce iska na gamu da ita a wurin, wata maƙwabciya ta ce rashin tawakkali ne. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ƙanwar tawa ta so mu bari sai wani mako, ni na matsa muka tafi.

Kwanaki ƙanin maigidana, ɗalibi a jami'ar Wudil, ya nuna min bidiyo a waya, wai akwai maganin firgici da ake yi da juya ido, ana bin yatsa hagu da dama. Da dare na gwada ni kaɗai a ɗaki. Ina tuno fuskar ƙanwata ina bin yatsana, sai abin ya taso min gaba ɗaya, na yi ta amai, kwana biyu ban je makaranta ba. Anti, wannan magani gaskiya ne ko rufa-ido? Ya halatta? Ko dai ni ce ba zan warke ba?

Taki,
Wata baiwar Allah daga Gaya

*

 Allah Ya jiƙan ƙanwarki, Ya sa ta huta, Ya ba ku haƙurin rashinta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da kika ce tana riƙe da hijabinki sai da na ajiye takardar na ɗan yi shiru.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe. Za ki iya warkewa, in sha Allahu. Abin da ke damun ki ciwo ne sananne, likitocin ƙwaƙwalwa na kiran sa PTSD, wato firgicin da ke maƙale wa mutum bayan ya ga tashin hankali. Likita ne zai tabbatar bayan ya zauna da ke, amma duk abin da kika lissafa yana cikin alamominsa: dawowar abin kamar yanzu yake faruwa, gudun duk abin da ke tuna shi, zabura, rashin barci, saurin fushi, ɗora wa kai laifi. Hausawa sun san shi tun kafin a raɗa masa sunan asibiti, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Ki tuna daren 15 ga Oktoba 2024, da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, maƙwabtanku na Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasu. An ƙirga gawa, an ƙirga masu ƙuna, amma waɗanda suka tsaya suna kallo, suka kwashi 'yan'uwansu da hannunsu, su ma sun koma gida da nasu ciwon da ba a ɗaure shi da bandeji.

Maganar rashin tawakkali kuwa, ki sauke ta daga kanki. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sai da idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da Yusufu, kuma babu wanda ya isa ya ce imaninsa ya ragu. Ki ci gaba da addu'a da azkar. Lokacin da hannunki ya karye, addu'a kika yi kuma aka ɗaure shi, ba wanda ya ga saɓani a ciki.

To, maganin juya ido. Gaskiya ne, sunansa EMDR, babu tsafi ko surkulle a cikinsa, kuma ba a gusar wa mutum da hankali: idonki biyu, kina ji kina gani, duk lokacin da kika ce a tsaya za a tsaya. Wata Ba'amurkiya masaniyar halayyar ɗan Adam, Francine Shapiro, ita ta faro shi. A 1987 tana tafiya a wani lambu ta lura cewa in idanunta suna kai-komo da sauri, tunanin da ke damun ta yana rage zafi. A 1989 ta fitar da bincikenta na farko, a kan mutanen da suka haɗa da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da waɗanda aka ci wa zarafi. An yi ta gardama a kansa shekaru, sannan a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyi biyu da ta amince a bi wa masu wannan ciwo.

Ga yadda na fahimci aikinsa. Kin san hatsi: a yanke, a shanya, a sussuke, a sheƙe, sannan a zuba a rumbu. Haka ƙwaƙwalwa ke yi da abubuwan da suka faru da mu, har su zama labarin da ya wuce. Amma abin da ya zo da razana mai tsanani, da ɗanyensa yake shiga rumbu, da ƙararsa da warinsa, yana nan yana zafi. Aikin magani shi ne a fito da shi kaɗan-kaɗan a shanya. Masu bincike a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun nuna cewa idan mutum na riƙe da hoton abin a zuciya, kuma ana shagaltar da shi da bin yatsa, hoton yana dusashewa, domin hankali ba ya iya cika hannu da aiki biyu lokaci guda, kamar mai ƙirga kuɗi ana yi mata hira. Shi ya sa wani lokaci ba ido ma ake amfani da shi ba, sai a riƙa ɗan taɓa bayan hannun dama da na hagu bi da bi. Har yau masana na jayayya kan ko nawa ne rabon idon a cikin warakar, amma ba su jayayya kan muhimmancin wanda ke zaune a gabanki.

A nan bidiyon ya cuce ki, kuma raina ya ɓaci da masu yaɗa irin sa. EMDR mataki takwas ne, juya idon sai a na huɗu yake farawa. Kafin nan mai magani zai ji tarihinki, ya koya miki yadda za ki kwantar da kanki in abin ya taso, ya tambaye ki wace magana kike faɗa wa kanki game da ranar, ya sa ki auna zafin daga 0 zuwa 10. Ana bin yatsan ne na ɗan taƙaitaccen lokaci, a tsaya, ki ja numfashi, ki faɗi abin da ya zo miki, a ci gaba. Ba a sallamar ki sai an ga kin natsu. Zama ɗaya yakan kai awa guda zuwa awa ɗaya da rabi, kuma a Ingila ƙa'idar da suka fitar a 2018 ta ce galibi zama 8 zuwa 12 ake yi. Ke kuwa kin buɗe rumbun da tsakar dare, ke kaɗai, kin fara da fuskar ƙanwarki, wurin da ya fi ko'ina ciwo. Don Allah kada ki sake. Amai da kwanciyar da kika yi ba su nuna ba za ki warke ba.

Maganar nan da kika ɓoye, cewa ke kika matsa, ita ce ƙayar da ke cikin gyambon, kuma ita za ki fara kai wa likita. Abin da kika sani da safiyar ranar shi ne za ki raka ƙanwarki ta zaɓi kwanukan aurenta. Ba ke kika duba taya ba, ba ke ke riƙe da sitiyari ba. Na san faɗar da na yi ba za ta cire ta ba, amma irin wannan magana ce ake zama a kanta a magani har ta saki.

Abin yi yanzu: ki fara da babban asibitin Gaya, ki faɗa wa likita komai yadda kika faɗa min, ki nemi takardar turawa zuwa sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Kada sunan ya tsorata ki, yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su koma gida ranar. Ki tambaya kai tsaye ko akwai wanda ya sami horon EMDR, domin masu horon ba su da yawa a ƙasar nan. In babu, ba ki yi asara ba. Ɗaya hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, wadda suke kira CBT, zama ne na magana da aka tsara don firgici, kuma tana aiki kamar wancan. Ki tafi da kwalin ƙwayar barcin ki nuna musu. Irin su baliyam ba sa warkar da wannan ciwo, jiki kuma yana sabawa da su, amma kada ki yanke ta farat ɗaya sai yadda likita ya tsara. In kuma ya taɓa zo miki cewa gara ki bi ƙanwarki, kada ki kwana da wannan tunani, a ranar ki gaya wa maigida a kai ki asibiti.

Ban manta ba cewa Kano tana bayan Wudil, wato sai kin bi hanyar nan, a cikin mota. Wannan ma kada ki ɗauke shi gaba ɗaya. Ki karanta wa maigida wannan amsa. Ya samo motar wani ɗan'uwa, a ajiye ta a ƙofar gida, ki zauna a ciki ƙofa a buɗe, ba a tayar ba, har bugun zuciyarki ya sauka da kansa. Ki maimaita kwana da kwanaki. Sannan a tayar da ita a tsaye, sannan a zaga da ke cikin Gaya a hankali, sannan Ajingi wurin iyayenki. In abin ya taso, ki danna tafin ƙafarki a ƙasa, ki shafa ruwan sanyi a fuska, ki ambaci abubuwa biyar da kike gani a gabanki, ki faɗi ranar yau da bakinki.

Ranar tafiya Kano ku fita da sassafe, direban ya zama wanda kuka sani, wanda zai tsaya in kin ce ya tsaya. In kun zo daidai gonar, ba dole ki kalla ba, ba dole kuma ki rufe ido ba. Ki yi wa ƙanwarki addu'a. Bayan kin ga likita ki sake rubuto min, ina so in ji abin da ya ce da yadda hanyar ta kasance.

Taki,
Anti